Ta yaya za a koya wa ƙananan yara tarihin Sarauniya Elizabeth ta Biyu da sauyin zamani?

Maman_Ilham
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin taimaka wa malamar aji a wata makarantar firamare a arewacin Ingila, kuma yaran da muke kula da su 'yan shekara 5 zuwa 7 ne. Manhajar tarihi ta wannan mataki tana son yara su san sauye-sauyen da suka faru a zamanin mutanen da har yanzu suke raye, tana kuma son su san rayuwar wasu fitattun mutane. Malamar ajinmu ta ga cewa Sarauniya Elizabeth ta Biyu za ta haɗa mana abubuwan biyu, tunda ta hau gadon sarauta ranar 6 ga Fabrairu 1952, ta rasu ranar 8 ga Satumba 2022, wato ta yi shekara 70 da 'yan watanni a kan karaga. An ɗora mini shirya darussan, kuma abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, yaro ɗan shekara 6 bai san bambancin shekara 70 da shekara 700 ba, duk abin da ya riga haihuwarsa zamanin da ne a wurinsa. Na biyu, a ajin akwai yaran da iyayensu suka fito daga Najeriya da Pakistan da Jamaika, ni kaina kuma Bahaushiya ce, saboda haka ba na son darasin ya tsaya a kan kambi da karusar zinare da karnukan fada. Malamai da iyayen da ke cikin wannan zaure, ina neman shawararku.

MalamSani_Zariya
Wa alaikumus salam Malama. Na daɗe ina koyar da ƙananan azuzuwa, kuma abin da na lura da shi shi ne yaro ba ya fahimtar lokaci da lambobi, da mutane yake fahimtarsa. Idan kika ce masa 1952 lamba ce kawai ta shiga kunnensa, amma idan kika tambaye shi tsakanin kakarsa da mahaifiyarsa wa ya girmi wani, nan take zai ba ki amsa. Don haka ki fara daga yaron ki koma baya, kada ki fara daga sarauniya ki gangaro. Ki samo doguwar igiya ki ɗaura ta daga wannan bango zuwa wancan, ki ƙulla ƙulli a kowace shekara 10. A bakin igiyar ki maƙala hoton yaran, su ga cewa duk rayuwarsu ba ta cika tazarar ƙulli ɗaya ba. Sai ki maƙala lokacin haihuwar iyaye, sannan na kakanni, sannan ki sa su taka da ƙafarsu har zuwa inda sarauniya ta hau mulki. Wannan tafiyar da suka yi da ƙafa ita za ta zauna musu, ba shekarar da kika rubuta a allo ba.

Nafisa_Leeds
Na goyi bayan Malam Sani, kuma zan ƙara da cewa a rataya wa igiyar nan abubuwan da yaro zai iya taɓawa, domin gani ya kori ji. Abu mafi sauƙin samu a nan Birtaniya shi ne tsabar kuɗi. An fitar da hoton sarauniya a jikin kuɗin ƙarfe har iri 5, a 1953 da 1968 da 1985 da 1998 da kuma 2015, kuma idan aka jera su yaro zai ga mace ɗaya tana tashi daga ƙuruciya zuwa tsufa a tafin hannunsa. Ki ba su su jera da kansu daga mafi ƙuruciya zuwa mafi tsufa kafin ki nuna musu shekarun da ke jiki. Daga nan ki fito da sabon kuɗi mai hoton Sarki Charles na Uku, za su lura cewa shi hagu yake kallo alhali mahaifiyarsa dama take kallo, saboda al'adarsu ce kowane sabon sarki ya juya wa wanda ya gada fuska ta ɗaya ɓangaren. Haka kuma kafin 15 ga Fabrairu 1971 fam ɗaya sule 20 ne, wato kwabo 240, daga ranar aka mayar da shi kwabo 100. Tsohon kwabon babba ne mai nauyi, kuma yara suna mamakinsa ƙwarai. Kan sarkin da ake liƙa wa wasiƙa shi ma yana yin wannan aikin.

Abu_Yasir
Ni abin da zan ce shi ne kada a manta a gaya wa yaran Najeriyar da ke ajin cewa ita ce ta zo Legas da kanta ta miƙa mana takardar 'yancin kai a 1960. Wannan zai sa su ji cewa labarin ya shafe su.

Ɗan_Tarihi
Malam Abu Yasir, manufarka mai kyau ce, amma akwai gyara. Sarauniya ba ta halarci bikin 1 ga Oktoba 1960 ba. Gimbiya Alexandra, 'yar ƙanen mahaifinta, ita ce ta wakilce ta, ita ce kuma ta miƙa wa Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa takardun. Sarauniya sau biyu ta zo Najeriya: daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu 1956, lokacin muna ƙarƙashin mulkin mallaka, sai kuma Disamba 2003 da ta zo Abuja taron shugabannin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a zamanin Shugaba Obasanjo. Akwai kuma abin da mutane da yawa suke mantawa: daga 1960 zuwa 1 ga Oktoba 1963 ita ce dai shugabar ƙasar Najeriya a tsarin mulki, Nnamdi Azikiwe yana wakiltarta a matsayin Gwamna-Janar tun daga Nuwamba 1960, sai da muka zama jamhuriya ya zama shugaban ƙasa. Malama Maman Ilham, waɗannan ziyarori biyu kaɗai darasi ne cikakke. A ta farko ta zo ƙasar da gwamnatinta take mulka, a ta biyu ta zo baƙunci wurin ƙasa mai cin gashin kanta. Idan kika ajiye hotunan biyu kusa da juna kika tambayi yara abin da ya bambanta, za su fara da furfura da tufafi, ke kuma sai ki ja hankalinsu zuwa ga tutar da ke bayanta.

BabaDogo_Kaduna
Salamu alaikum. Jikata ce take rubuta mini wannan, ni ina faɗa. Ina yaro ɗan makarantar elemantare aka yi hawan daba na 1956 a Kaduna, kuma ina cikin yaran da aka jera a bakin hanya aka ba mu 'yan ƙananan tutocin Ingila mu riƙa kaɗawa. Abin da zan gaya muku da gaskiya shi ne fuskar sarauniya ba ta zauna mini ba, domin daga nesa muka hango ta ita da mijinta. Abin da ya zauna mini shi ne dawakai. Sarakunan Arewa sun zo da jama'arsu daga larduna, 'yan lifidi da 'yan sulke da masu kakaki da algaita da tambura, ga ƙurar hunturu ta haɗu da ta kofato har ba ka ganin gabanka sosai. A lokacin Sardauna Ahmadu Bello ne Firimiyan Jihar Arewa, Sarkin Musulmi kuwa Abubakar na Uku. Kuɗin da muke kashewa su ne anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule, kuma kwabo yana da huji a tsakiya, iyayenmu mata suna zura su a zare. Naira da kwabon da kuka sani sai a Janairu 1973 suka zo. Gidanmu babu lantarki, babu talabijin a duk ƙasar ma a lokacin, labari daga rediyo ne ko daga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo idan wani mai karatu ya karanta wa mutane a zaure. Idan wannan zai amfani yaranki, 'yata, ki gaya musu.

Maman_Ilham
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya saka da alheri. Wannan zai amfane su fiye da abin da ke cikin littafi, musamman da yake shekarunka a lokacin ba su wuce nasu da yawa ba.

Kwamared_Bala
Da girmamawa ga Baba da sauran malamai, ni ina da ja a kan tushen darasin. Yaran da aka jera aka ba su tutar wata ƙasa su kaɗa a cikin ƙasarsu, wannan ba abin sha'awa ba ne, hoton mulkin mallaka ne, kuma ya kamata a kira shi da sunansa. Dakarun Lugard sun ci Kano da Sakkwato da bindiga a 1903, shekara 53 kacal kafin wannan hawan daban. Ita kanta sarauniyar tana Kenya ne labarin rasuwar mahaifinta, Sarki George na Shida, ya riske ta, kuma a cikin Oktoban wannan shekara ta 1952 aka kafa dokar ta-ɓaci a Kenya saboda tawayen Mau Mau, aka tsare dubban mutane a sansanoni, aka azabtar da da yawa daga cikinsu. Sai a 2013 gwamnatin Birtaniya ta amince ta biya diyyar kusan fam miliyan 20 ga tsofaffi fiye da 5,000 da suka kai ƙara. Duk abin da aka yi a Kenya da sunanta aka yi shi. Abin da nake gudu shi ne a cika wa yaro kai da hoton tsohuwa mai murmushi da huluna masu launi, ya girma da wannan ƙaunar, ranar da zai ji sauran labarin kuma zuciyarsa ta riga ta ƙi karɓa.

Gwaggon_Yara
Malam Bala, babu wanda zai musa abin da ka kawo, amma ka tuna da shekarun yaran. Ɗan shekara 6 da aka ba shi labarin azabtarwa ba tarihi zai koya ba, tsoro zai kwasa ya tafi da shi gida. Akwai tazara mai faɗi tsakanin ɓoye gaskiya da auna ta daidai da hankalin mai sauraro. Za a iya gaya musu cewa a da Birtaniya tana mulkin ƙasashe da yawa ba da yardar mutanen ƙasashen ba, mutanen suka ce suna son su mulki kansu, wasu suka samu ta hanyar tattaunawa, wasu kuma sai da aka yi faɗa aka cuci mutane. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan bayani, kuma yara sun san zafin a karɓe maka abinka ba da izininka ba. Idan sun kai shekara 11 ko 12 sai a gina musu a kan wannan harsashi.

Ɗan_Tarihi
Maganar Malam Bala ta taɓo wani abu da yake rikita manya ma, wato ikon da sarauniyar take da shi. A tsarin Birtaniya majalisar dokoki ce take yin doka, firaminista da ministocinsa suke gudanar da gwamnati, sarki ko sarauniya kuwa sa hannu yake yi, ya buɗe zaman majalisa, ya karɓi baƙi, ya gana da firaminista a keɓe kusan kowane mako. Ba ita ta yanke shawarar abin da aka yi a Kenya ba, amma kuma gaskiya ne da sunan masarautarta aka yi, kuma ba ta fito ta nemi gafara a kai ba har ta rasu. Duka biyun gaskiya ne, ban ga dalilin jefar da ɗaya don a riƙe ɗaya ba. Ga yara kuwa, hanya mai sauƙi ita ce a nuna musu hotunan firaministoci 15 da suka yi aiki a zamaninta. Na farkonsu, Winston Churchill, an haife shi a 1874. Ta ƙarshensu, Liz Truss, wadda sarauniya ta naɗa kwana biyu kafin rasuwarta, an haife ta a 1975. Sai a tambayi yara: me ya sa waɗannan suke ta sauyawa ita kuma tana nan? Daga amsar za su gane cewa su zaɓensu ake yi, ita kuwa gado ta yi.

Zango_Kumasi
Gaisuwa daga Ghana. A nan abin da tsofaffinmu suke yawan ambata shi ne ziyararta ta Nuwamba 1961, wadda ta yi duk da tashin bama-bamai da aka samu a Accra gab da zuwanta, da kuma hoton da take rawa da Shugaba Kwame Nkrumah a wurin liyafa. Ghana ta samu 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, ta zama jamhuriya a 1960, saboda haka a lokacin wannan hoton shi ba talakanta ba ne, shugaba ne takwaranta. Ina ganin wannan hoton zai dace da abin da Ɗan Tarihi ya faɗa game da jera hotuna biyu.

Ouma_Damagaram
Ni daga Nijar nake, mu Faransa ce ta mulke mu, don haka wannan sarauniya ba ta cikin abin da muka tashi da shi. Tambayata ga 'yan'uwa na Najeriya ita ce: idan ana son a nuna wa yara mace a kan sarauta, me ya sa ba za a fara da namu ba? Muna da Sarauniya Mangu ta Lugu wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, kuna da Amina ta Zazzau da Daurama ta Daura, ga kuma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu wadda ta kafa 'yan taru don ilimantar da mata, ko da yake ita malama ce ba mai sarauta ba. Na fahimci cewa Maman Ilham a Ingila take, manhajar can take bi, amma ban so malaman gida su kwafi darasin ɗungurungum.

MalamSani_Zariya
Hajiya Ouma, ina zaune a Zariya, ganuwar Amina kuwa abin alfaharinmu ce, kuma muna koyar da ita. Sai dai darasin da Maman Ilham take magana a kai na daban ne. Labarin Amina da na Daurama da rijiyar Kusugu sun zo mana ta bakin magabata, masana ma sun yi saɓani a kan ƙarnin da Amina ta rayu, babu hotonta, babu wanda ya gan ta da yake raye. Wannan ya dace da koyar da jarumtaka da asali. Amma idan abin da ake so shi ne yaro ya koyi tambayar yadda muka san wani abu ya faru, to ana bukatar zamanin da ya bar hoto da murya da kuɗi da shaidu irin Baba Dogo. Idan da ni zan shirya irin wannan darasi a gida, Sarkin Kano Ado Bayero zan ɗauka, wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014. A cikin shekarunsa aka ƙirƙiri jihar Kano a 1967, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, motoci suka koma bin hannun dama a 1972, aka sauya kuɗi, aka yi gwamnatocin soja da na farar hula, wayar salula ta shigo a 2001. Hawan Sallah kuma yana nan ana yinsa. Duk abin da Elizabeth za ta koya wa yaron Ingila game da sauyi da ɗorewa, wannan zai koya wa yaron Kano, kuma kakarsa tana gida za ta ba shi shaida.

Ouma_Damagaram
Wannan bayani ya gamsar da ni ta fuskar hujja da shaida, Malam. Duk da haka ina nan a kan cewa 'ya mace tana bukatar ta ga mace daga cikin nata.

Maman_Ilham
Na gode ƙwarai, kuma na fara gwada igiyar Malam Sani da kuɗin Nafisa. Wata sabuwar matsala ta fito wadda ban zata ba. Da na nuna musu hoton akwatin talabijin na 1953 mai baƙi da fari, na gaya musu cewa mutane fiye da miliyan 20 sun kalli bikin naɗinta ranar 2 ga Yuni 1953, da yawa a gidajen maƙwabta saboda ba kowa yake da akwatin ba, sai na nuna musu wayar hannu ta yau, wani yaro ya tambaye ni ko sarauniya ce ta ƙera wayar. Sai na gane cewa idan aka rataya kowane sauyi a jikin hotonta, yara za su ɗauka ita ce ta kawo shi. Ta yaya zan raba musu abin da ya faru a zamaninta da abin da ta yi da hannunta?

Nafisa_Leeds
Yaya, wannan tambayar yaron ta nuna yana tunani, kada ki bari ta wuce. Abin da nake yi shi ne igiya biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ta sama rayuwarta ce: haihuwarta ranar 21 ga Afrilu 1926, murabus ɗin yayan mahaifinta Edward na Takwas a 1936 wanda shi ne ya sa gadon ya faɗo gidansu, jawabin da ta yi wa yara ta rediyo a 1940 tana shekara 14, shigarta rundunar mata a 1945 inda ta koyi tuƙi da gyaran mota, aurenta a 1947, da sauransu. Ta ƙasa kuwa rayuwar talakawa ce: katin rabon abinci da aka ci gaba da amfani da shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ba a daina rabon alawa da shi ba sai a 1953, nama kuma sai 1954, hayaƙin kwal da ya rufe Landan a Disamba 1952 ya kashe dubban mutane har aka yi dokar tsabtace iska a 1956, saukar ɗan Adam a kan wata a 1969, buɗe hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku zuwa Faransa a 1994. A kowane abu na igiyar ƙasa sai ki tambaya: su wa suka yi wannan aikin? Injiniyoyi, likitoci, leburori, 'yan majalisa. Batun rabon alawa shi ne ya fi kama hankalin yara, domin su yi tunanin a ce sai da kati za a sayar musu da ita, kuma 'yar kaɗan a mako.

Gwaggon_Yara
Ki ƙara musu da abin da bai sauya ba, domin idan aka ce komai ya sauya yaro zai ɗauka mutanen da wasu halittu ne na daban. Yaran 1952 suna zuwa makaranta, suna wasan igiya da ƙwallo, suna rigima da ƙannensu, iyaye suna yi musu faɗa. Kwando biyu ya isa: na abin da ya sauya da na abin da yake nan, a ba su hotuna su rarraba, a bar su su yi gardama a kan waɗanda suka faɗa tsakani.

Malama_Rakiya
Ina koyarwa a Bradford, kuma ina so in ja hankali a kan aikin gida da ake yawan bayarwa na cewa yaro ya je ya tambayi kakarsa yadda rayuwa take a zamanin naɗin sarauniya. Yara da yawa kakanninsu ba sa nan, wasu suna Kano ko Mirpur ko Kingston, wasu sun rasu, wasu yaran ma ba a hannun iyayensu suke ba. Ya fi kyau a ce su tambayi duk wani babba da suka sani, a ko'ina ya yi ƙuruciyarsa, sannan a kawo taswirar duniya a liƙa kowace amsa a inda ta fito. Ta haka yaron da kakarsa ta girma a ƙauyen Katsina ba zai ji cewa amsarsa ba ta cikin darasin ba. Wannan kuma yana buɗe ƙofar wani babban sauyi na zamanin sarauniyar, wato zuwan mutane daga Karibiyan da Pakistan da Indiya da Afirka a shekarun 1950 da 1960 don aiki a masaƙu da motocin haya da asibitoci. Ajin da Maman Ilham ta bayyana mana shi kansa sakamakon wannan tarihin ne, kuma hoton aji na 1952 kusa da hoton ajinsu zai nuna musu haka ba tare da dogon bayani ba.

Kwamared_Bala
Shawarar Malama Rakiya ta fi kusa da abin da nake nema. Zan ƙara da taswirar Afirka guda biyu. A 1952 ƙasashen Afirka masu 'yanci ba su wuce Masar da Habasha da Laberiya da Libiya da Afirka ta Kudu ba, ita ma ta ƙarshen a hannun tsirarun fararen fata take. A 1960 kaɗai ƙasashe 17 suka samu 'yanci, ciki har da Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi. A ba yara su shafa launi a taswirar farko da ta biyu, su zana tutar ƙasar iyayensu, a gaya musu cewa tutar Najeriya mai kore da fari wani ɗalibi ne mai suna Taiwo Akinkunmi ya zana ta a 1959. Amma har yanzu ban yarda da Gwaggon Yara ba a kan cewa an cuci mutane kawai za a ce. Wa ya cuce su? Idan ba a ambaci mai laifi ba, yaro zai ɗauka abin daga sama ya faɗo.

Abu_Yasir
Ina da tambaya ta gefe amma tana cikin batun. Yaya za a yi da maganar rasuwarta? Wasu iyayen ba sa son a yi wa ƙananan yara zancen mutuwa a makaranta.

Malama_Rakiya
Malam Abu Yasir, ba a iya kauce mata, domin ita ce take bayyana dalilin da ya sa hoton kuɗi ya sauya. A faɗe ta a sarari cikin natsuwa: ta tsufa ƙwarai, ta rasu tana da shekara 96 a gidanta na Balmoral da ke Scotland, babban ɗanta ya gaje ta, aka yi bikin naɗinsa ranar 6 ga Mayu 2023. Kada a ce ta yi barci ko ta yi tafiya, domin ƙaramin yaro yana ɗaukar magana yadda aka faɗe ta, yana iya jin tsoron barci ko ya yi ta jiran dawowarta. Ya kamata kuma malama ta san tun da wuri ko akwai yaron da aka yi wa rasuwa kwanan nan, ta sanar da iyaye ranar da za a yi darasin.

BabaDogo_Kaduna
Jikata ta karanta mini abin da Malam Bala ya rubuta game da tutocin da muka kaɗa. Ɗana, ba ka yi ƙarya ba. Mu a lokacin ba mu san ma'anarta ba, an ce mu kaɗa muka kaɗa. Bayan shekara 4 kuma aka ba mu kore da fari muka kaɗa, a wannan karon malaminmu ya tsaya ya yi mana bayanin abin da take nufi. Idan za a ba yaran labarina, a haɗa musu da wannan na biyun.

Gwaggon_Yara
Malam Bala, na sake duba abin da na rubuta a sama, kuma ga yadda zan faɗa wa yara idan ɗayansu ya tambaya game da Kenya: mutanen Kenya sun nemi a mayar musu da gonakinsu da ƙasarsu, gwamnatin Birtaniya ta wancan lokaci ta ƙi, sojojinta da jami'anta suka kama mutane da yawa suka cutar da su, bayan shekaru masu yawa gwamnatin ta amince cewa an yi ba daidai ba ta biya waɗanda suka rage diyya. An ambaci wanda ya yi, ba a shiga bayanin azabar ba. Abin da ban tsayar ba shi ne ko malama ce za ta fara kawo wannan da kanta, ko kuwa ta jira sai yaro ya tambaya. Ni na fi karkata ga ta kawo jimla ɗaya a ranar darasin taswira, amma Maman Ilham ta fara nuna wa malamar ajin da shugabar makarantar kafin ranar, tunda su ne za su amsa wa iyaye idan tambaya ta taso.